Murtala Muhammad: Sojan Da Ya Riƙe Wayar Gwamnati Kafin Ya Riƙe Gwamnatin

A watan Satumba na 2021 mutanen Batsari da Safana suka wayi gari wayoyinsu sun kurumce. Gwamnatin Jihar Katsina, ƙarƙashin Aminu Bello Masari, ita ta nemi a katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13, kwanaki kaɗan bayan an yi haka a Zamfara, hukumar NCC kuwa ta umarci kamfanonin waya suka kashe turakunsu. Hujjar a bayyane take. 'Yan bindigar da suka mayar da dajin Rugu gida da waya suke jin labarin motsin sojoji daga bakin masu kai musu rahoto a cikin gari, da waya kuma suke cinikin kuɗin fansa. Kafin nan an riga an rufe kasuwannin dabbobi, an hana sayar da fetur a jarka, an kuma rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure.

Soja da ɗan sanda suna da oba-obansu, katsewar ba ta taɓa su ba. Rahotanni sun nuna 'yan bindigar ma sun koma ga oba-oba da layukan Jamhuriyar Nijar a inda sabis ɗinsu ke ƙetarowa. Wanda aka bari ba baki shi ne manomin da ya hango ayarin babura na gangarowa daga daji da magariba. Lambar gaggawa ta 112 ba ta shiga inda babu sabis, saboda haka ko ya kama hanya da ƙafa, ko ya hau dutse yana laluben layi, ko ya zauna ya jira abin da Allah zai yi. Sai a watan Disamba aka fara maido da layukan.

A lokacin Isa Ali Pantami ne Ministan Sadarwa. Shekara 47 kafinsa, wanda ke zaune a kan wannan kujera wani Birgediya ne ɗan Kano mai shekara 35. Matasan yau sun san fuskarsa a takardar naira 20, sun san sunansa a filin jirgin saman Legas da babban asibitin birnin Kano. Kaɗan daga cikinsu suka san cewa sana'ar Murtala Ramat Muhammad a soja ita ce sadarwa, kuma ita ta kai shi duk inda ya kai.

An haife shi ranar 8 ga Nuwamba 1938 a unguwar Kurawa cikin birnin Kano, a gidan da aka sani da alƙalanci. Ya yi firamare a Cikin Gida da Gidan Makama, ya shiga Midil ta Kano wadda yau ake kira Kwalejin Rumfa, daga nan ya wuce Kwalejin Gwamnati ta Zariya, wato Barewa, inda ya gama a 1957. Shekara ɗaya bayan haka ya shiga soja. Aka fara horar da shi a Teshie ta ƙasar Gana, aka tura shi Sandhurst a Ingila, ya fito da muƙamin ƙaramin hafsa a 1961. Yawancin sa'o'insa sojan ƙasa suka nufa, inda ake samun suna da bataliya. Shi kuwa aka tura shi makarantar sigina ta Catterick, ya koyi aikin rediyo da waya da tangaraho.

Yana da kyau mai karatu ya san abin da wannan aiki yake nufi a wancan zamani. Rundunar sojan Najeriya kafin 1966 ba ta wuce mutum dubu goma da 'yan kai ba. Bataliya biyar gare ta, a Inugu da Ikeja da Kaduna da Ibadan da Kano, ga barikin Abeokuta, ga hedikwata a Legas. Tsakanin Legas da Kano tafiyar kwana biyu ce a jirgin ƙasa. Wayar tarho ta gwamnati ba abin dogaro ba ce, kuma duk ma'aikacin da ke haɗa layi yana iya sauraren abin da ake faɗa. Abin da ya ɗinke waɗannan barikoki suka zama runduna guda shi ne rediyon soja mai dogon zango, da saƙonnin sirri da ake juyawa su zama haruffa marasa ma'ana kafin a aika, a warware su a can inda suka sauka. Mutumin sigina yana ganin umarni kafin kwamandan da aka aika wa ya gani. Ya san wanda ya nemi wane, da ƙarfe nawa, ya kuma san barikin da ya yi shiru. In ya so saƙo ya isa da wuri zai isa, in ya so ya kwana zai kwana. Ba shi da bataliya, amma babu bataliyar da za ta ji kira sai ta hannunsa.

Bayan ya yi aikin kiyaye zaman lafiya a Kongo ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, sai ya faɗa cikin dokar ta-ɓaci ta farko da Najeriya mai 'yanci ta taɓa gani. Rikicin jam'iyyar Action Group tsakanin Obafemi Awolowo da Samuel Akintola ya kai ga ba hammata iska a majalisar Jihar Yamma, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta ayyana ta-ɓaci ranar 29 ga Mayu 1962, ta ɗora Ministan Lafiya, Dakta Moses Majekodunmi, ya riƙe jihar. Murtala aka ba shi dogari. Yana ɗan shekara 23 ya zauna a Ibadan yana kallon yadda ake jingine majalisa da firimiya da takarda ɗaya, ake taƙaita zirga-zirgar manyan 'yan siyasa, mutum guda ya yi mulki da umarni har ƙarshen shekara. Darasi ne da bai manta ba.

A 1963 ya riƙe sashen sigina na Birget ta Ɗaya a Kaduna, ya sake komawa Catterick ya yi kwas mai zurfi, a shekarar ce kuma ya auri Hafsat Ajoke, Bayarabiya ma'aikaciyar kiwon lafiyar haƙori. A 1964 ya zama Manjo, aka ba shi rundunar sigina ta ɗaya a Apapa. Kafin ƙarshen 1965 shi ke riƙon shugabancin sadarwar sojan ƙasa baki ɗaya. A wannan shekarar Alhaji Inuwa Wada, wanda ke matsayin uba gare shi a dangi, ya zama Ministan Tsaro bayan rasuwar Muhammadu Ribaɗu.

Daren 15 ga Janairu 1966 ya same shi a Legas. Kafin gari ya waye an kashe Sardauna Ahmadu Bello a Kaduna, an kashe Akintola a Ibadan, an tafi da Tafawa Ɓalewa. Manyan hafsoshin Arewa huɗu suka tafi a dare ɗaya: Birgediya Zakariya Maimalari, Kanar Kur Muhammad, Laftanar Kanar Abogo Largema da Laftanar Kanar James Pam. Janar Aguiyi-Ironsi ya karɓi mulki. A watan Afrilu ya ƙara wa Murtala girma zuwa Laftanar Kanar, ya tabbatar da shi Sufeton Sadarwa a hedikwatar soja. Da wuya a sami naɗin da ya fi wannan tsada a kan mai naɗawa. Manjojin da suka yi kisan suna tsare ba a yi musu shari'a ba. Doka ta 34, wadda ta soke tsarin tarayya ranar 24 ga Mayu, ta tayar da tarzoma a biranen Arewa, aka kashe Inyamurai da yawa. A barikoki kuwa ƙananan sojojin Arewa suna goranta wa hafsoshinsu cewa an kashe musu iyaye sun yi shiru. Murtala bai ɓoye fushinsa ba ko a gaban manyansa, kuma shi ke riƙe da igiyar da ta haɗa Ikeja da Ibadan da Abeokuta da Kaduna. Masana tarihin sojan Najeriya sun haɗu a kan cewa shi ne jagoran shirin ramuwar.

Abin mamaki, wayar tarho ce ta kunna wutar kafin lokacin da aka shirya. Daren 28 ga Yuli aka buga wa kwamandan barikin Abeokuta, Laftanar Kanar Gabriel Okonweze, waya daga Legas cewa ana raɗe-raɗin juyin mulki. Ya tara hafsoshinsa don ya ja kunne. Sojojin Arewa suka ɗauka su ake shirin gamawa da su, suka faɗa ɗakin taron suka buɗe wuta. Labari ya bi waya zuwa Ikeja da Ibadan. Kafin wayewar garin 29 ga wata an kewaye gidan gwamna a Ibadan, aka tafi da Ironsi da mai masaukinsa Laftanar Kanar Adekunle Fajuyi aka kashe su. Hafsoshi da sojoji 'yan Gabas da dama aka kashe a barikoki a kwanakin da suka biyo. Murtala ya kama barikin Ikeja da filin jirgin sama, aka tilasta wa wani jirgin fasinja na Ingila ya kwashi iyalan sojojin Arewa zuwa Kano. Abin da yake so a lokacin araba ce, a raba ƙasa Arewa ta kama gabanta. Kwana uku Najeriya ba ta da shugaba. Birgediya Babafemi Ogundipe, wanda ya fi kowa girman muƙami, ya ba da umarni aka ƙi bi. Manyan ma'aikatan gwamnati da alƙalai da jakadun Ingila da Amurka suka yi ta faɗi-tashi har aka shawo kan masu son araba. Ranar 1 ga Agusta Laftanar Kanar Yakubu Gowon, wanda shi ma ɗan Barewa ne, ya yi wa ƙasa jawabi a rediyo a matsayin shugaba. Murtala ya yarda, amma yardar baka ce. Tsamin da ya shiga tsakaninsu bai gushe ba har shekara tara.

Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, sojojin Biyafara suka ƙetare Kwara a watan Agusta suka mamaye Jihar Tsakiyar Yamma, suka kai har Ore a kan hanyar Legas. Aka ba Murtala aikin harhaɗa Runduna ta Biyu cikin gaggawa, da 'yan sojan da aka tsinto daga ofisoshi da sababbin ɗauka da motocin haya. Cikin 'yan makonni ya kore su, ya shiga Binin ranar 20 ga Satumba. Abu na farko da ya nufa shi ne gidan rediyo, inda ya shelanta 'yantar da jihar, ya kuma naɗa Manjo Samuel Ogbemudia ya riƙe ta ba tare da ya jira izinin Legas ba. Gowon ya haɗiye abin, ya tabbatar da naɗin daga baya.

Abin da ya biyo baya shi ne tabon da bai gogu ba. A farkon Oktoba sojojin rundunarsa suka shiga Asaba. Ranar 7 ga wata mutanen garin suka fito cikin fararen kaya suna raye-rayen nuna goyon baya ga Najeriya ɗaya. A dandalin Ogbe-Osowa aka ware maza da samari daga mata, aka buɗe musu wuta. Ɗaruruwa suka mutu. Ba a taɓa gurfanar da kowa a kan wannan kisa ba, kuma duk wanda ya ba da tarihin Murtala ya tsallake Asaba ya ba da rabin labari ne. Shi ne babban kwamandan waɗannan sojoji, alhakin abin da suka aikata yana wuyansa.

Daga Asaba ana hango Anaca a ɗaya gaɓar, gadar kuwa Biyafara sun karya ta. Hedikwatar soja ta ba da shawarar a zagaya ta arewa, a ƙetare ta Idah inda babu abokan gaba. Wasu daga cikin kwamandojinsa ma haka suka gani. Mutumin da ya yi shekaru yana tabbatar da cewa umarnin hedikwata ya isa kunnen kwamandoji, da aka zo kansa sai ya toshe nasa kunnen. Sau uku yana tura sojoji cikin jiragen fito, sau uku ana mayar da su da asarar rayuka mai yawa. A karon farko sun shiga garin, amma suka shagala da wasoso, babbar kasuwar Anaca ta ƙone, Biyafara suka dawo suka murƙushe su. Daga ƙarshe hanyar Idah ɗin ya bi, ya kama Anaca a watan Maris na 1968. Cikin hafsoshin da suka yi wannan yaƙi akwai wani matashi Bakatsine, Shehu Musa 'Yar'aduwa. Ranar 31 ga Maris aka yi wa ayarin kayan yaƙinsa kwanton ɓauna a Abagana, harsashi ya sami tankar mai, motoci kusan ɗari suka ƙone. Ba a daɗe ba ya bar fagen daga, Kanar Ibrahim Haruna ya karɓi rundunar, shi kuma ya koma tsohon ofishinsa na Sufeton Sadarwa.

Yaƙin ya kumbura soja daga dubu goma zuwa kusan dubu 250, sashen sadarwa ya kumbura tare da shi, sayen kayan aiki ya zama harkar miliyoyi. A nan ne hanyarsa ta haɗu da ta wani akanta ɗan Abeokuta, Moshood Abiola, wanda kamfanin ITT na Amurka ya ɗauka, ya zo karɓar bashin da kamfanin ke bin soja. Haɗuwar da ta fara da cacar baki ta rikiɗe ta zama abota. Murtala ya yi kwas a kwalejin manyan hafsoshi a Ingila, ya zama Birgediya a 1971. Ranar 7 ga Agusta 1974 Gowon ya naɗa shi Kwamishinan Sadarwa na Tarayya, bai kuma karɓe masa ofishinsa na soja ba. Wayar soja da wayar farar hula suka taru a hannun mutum ɗaya, mutumin da shugaban ƙasa ya fi kowa sanin ba ya ga-maciji da shi.

Abin da ya tarar a ma'aikatar abin kunya ne ga ƙasar da kuɗin fetur ke kwarara cikinta. Najeriya ta sami 'yanci a 1960 da layukan tarho 18,724, akasarinsu a ofisoshin gwamnati da kamfanonin Turawa, domin Bature ya shimfiɗa waya ne don Razdan ya ji daga Gwamna, Di'o ya ji daga Razdan. Hukumar gidan waya ke kula da layukan cikin gida, kamfanin NET ke kula da na waje, tashar tauraron ɗan'adam ta Lanlate ba ta daɗe da fara aiki ba. Ƙasar Ruma da ƙasar Yarima, wato Batsari da Safana, suna cikin Jihar Tsakiyar Arewa a lokacin, kuma farin 1972 zuwa 1973 bai daɗe da cinye musu gero da shanu ba. Labarin yunwa daga ƙauye sai ya bi ta mai unguwa zuwa dagaci, zuwa hakimi, zuwa fadar Katsina, kafin ya kai Kaduna a takarda. Murtala ya ɗauko manyan kwangiloli na faɗaɗa layuka, ITT ya sami kaso mai tsoka, Abiola ya zama hamshaƙin attajiri, surutu kuma ya biyo baya har Fela Kuti ya yi wa kamfanin waƙa. Layukan da aka shimfiɗa biranen jihohi suka nufa. Har shekarar 2001, lokacin da wayar salula ta shigo, layukan da ke aiki a duk ƙasar ba su wuce kimanin 400,000 ba. Manomin Safana bai sami hanyar kiran hukuma da bakinsa ba sai bayan rasuwar Murtala da fiye da shekara 25.

Ranar 29 ga Yuli 1975, shekara tara cif bayan ta farko, Gowon yana taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Kampala, Kanar Joe Garba, kwamandan dakarun da ke tsaron shugaban, ya shiga gidan rediyo a Legas ya sanar an hamɓarar da shi. Ba a zubar da jini ba. An rufe iyakoki da filayen jiragen sama, an kama rediyo, magana ta ƙare. Shehu 'Yar'aduwa da Abdullahi Muhammad da Ibrahim Taiwo suna cikin waɗanda suka kitsa abin. Murtala yana Landan a lokacin, ya dawo suka miƙa masa mulki bisa sharaɗin zai yi shi tare da Olusegun Obasanjo da Theophilus Ɗanjuma, kuma majalisar ƙoli za ta iya taka masa birki. Ya yi ta gardama a kan sharaɗin kafin ya karɓa. Janar Hassan Usman Katsina na cikin manyan da aka yi wa ritaya a ranar. Wani Bakatsinen, Muhammadu Dikko Yusufu, ya zama Sufeto Janar na 'yan sanda. Laftanar Kanar Muhammadu Buhari ɗan Daura aka tura shi gwamnan Jihar Arewa Maso Gabas. 'Yar'aduwa aka ba shi sufuri, da aikin kwashe jiragen ruwan siminti sama da 400 da suka toshe tashar Legas.

Mulkin kwana ɗari biyu ne, kuma da rediyo aka yi shi. Ma'aikata sama da dubu goma aka kora, alƙalai da manyan sakatarori da malaman jami'a da masinjoji, da yawansu a labaran rediyo suka fara jin sunayensu. Nan take ita ce kalmar zamanin. Gwamnoni goma cikin goma sha biyu na Gowon aka same su da laifin almundahana aka ƙwace dukiyoyinsu. Talakawa sun yi murna, ma'aikata suka riƙa isa ofis kafin ƙarfe takwas. Sai dai an kori mai laifi da marar laifi ba tare da an saurari kowa ba, kuma akwai masu ganin tun daga ranar ma'aikacin Najeriya ya koyi cewa kujerarsa ba tabbas, gara ya tara abin da zai tara kafin a kira sunansa. Ya soke ƙidayar 1973. Ya sa ranar 1 ga Oktoba 1979 don miƙa mulki ga farar hula, ya kafa kwamitin rubuta tsarin mulki ƙarƙashin Rotimi Williams. Ranar 3 ga Fabrairu 1976 ya mayar da jihohi 19, Jihar Tsakiyar Arewa ta koma Jihar Kaduna, ya kuma amince da rahoton kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda na ƙaura da babban birni zuwa Abuja. A kan Angola ya goyi bayan MPLA, ya yi fatali da wasiƙar Shugaba Gerald Ford na Amurka, ya je Addis Ababa ranar 11 ga Janairu 1976 ya yi jawabin da har yau ake tunawa da shi.

Akwai matakin da masu yabonsa ba su cika ambata ba. Cikin makonnin farko gwamnatinsa ta karɓe kashi 60 cikin ɗari na jaridar Daily Times, wadda ta fi kowace jarida karɓuwa a ƙasar, ta kuma karɓe kamfanin New Nigerian na Kaduna, mai buga Gaskiya Ta Fi Kwabo. Ɗan sigina ya san cewa duk hanyar da saƙo ke bi iko ce, kuma bai saba barin irin wannan hanya a hannun wani ba.

Amma a kan tsaron kansa sai ya yi sakaci irin wanda ba zai yafe wa ƙaramin hafsa ba. Bai tare a Barikin Dodan ba, ya ci gaba da zama a gidansa na Ikoyi. Ya hana jiniya da jerin gwanon motoci, yana bin hanya ɗaya a lokaci ɗaya kusan kullum. A cikin barikoki kuwa ana ta gunaguni a kan shirin rage yawan sojoji da ƙarin girman da ya ɗaga Ɗanjuma sama da Kwamishinan Tsaro, Manjo Janar Iliya Bisalla. Masu shirin juyin mulki suna taruwa suna sha suna surutu, amma babu wani tsari da ya tattara waɗannan raɗe-raɗi ya mayar da su gargaɗin da zai sa shugaba ya canza hanya.

Ranar Juma'a 13 ga Fabrairu 1976, da misalin ƙarfe takwas na safe, baƙar Marsandinsa ta tsaya cikin cunkoson motoci kusa da sakatariyar tarayya a Ikoyi. Sojojin da ke jira a gefen hanya suka matso suka buɗe wuta. Murtala ya rasu nan take yana da shekara 37. Direbansa Sajan Adamu Michika ya rasu, dogarinsa Laftanar Akintunde Akinsehinwa, wanda shi ma daga sashen sigina ya ɗauko shi, ya rasu. Odilansa Michael Otuwu ne kaɗai ya tsira da raunuka. An kuma kashe gwamnan Kwara, Kanar Ibrahim Taiwo.

Laftanar Kanar Buka Suka Dimka ya bi littafin da ya gada, ya nufi gidan rediyo. Sai dai ya kama makirfo ne kawai, bai kama wayar soja ba. Jawabin nasa ma ya fito a birkice, har ya sa dokar hana fita daga ƙarfe shida na safe zuwa shida na yamma. Ya bar gidan rediyon ya tafi ofishin jakadancin Ingila yana neman a haɗa shi da Gowon, aka ƙi. Cikin waɗannan sa'o'i Ɗanjuma ya sami hanyar magana da kwamandoji, rundunonin da ke wajen Legas suka riƙa shelanta a gidajen rediyon jihohi cewa ba sa tare da masu tawaye. Aka tura Kanar Ibrahim Babangida da motoci masu sulke ya ƙwato gidan rediyon. Dimka ya sulale, sai farkon Maris aka kama shi a yankin Abakaliki. An harbe Bisalla da wasu mutum 31 ranar 11 ga Maris, Dimka da ragowar ranar 15 ga Mayu. Gawar Murtala aka kai Kano aka yi mata sutura. Obasanjo ya gaje shi, aka ɗaga Shehu 'Yar'aduwa daga Laftanar Kanar zuwa Birgediya ya zama na biyu a gwamnati.

Hukumomi biyu aka haifa a shekarar da ya rasu. Ta farko ita ce hukumar leƙen asiri ta NSO, wadda aka kafa saboda gazawar da ta bari aka kashe shugaban ƙasa a kan titi, aka ba Abdullahi Muhammad shugabancinta. An ba ta kuɗi da iko da kayan sauraren waya, ta zama dodo a zamanin mulkin soja na Buhari, har Babangida ya raba ta uku a 1986, aka sami SSS da NIA da DIA. Ta biyu ita ce hukumar agajin gaggawa ta NERA, wadda farin 1972 zuwa 1973 ya sa aka ga buƙatarta. Aikinta tattara kayan agaji da rarraba su bayan masifa ta riga ta auku, kuma a haka ta zauna har 1999 da aka mayar da ita NEMA aka faɗaɗa mata aiki. Wadda aka yi don tsare masu mulki tun ranar farko aka ba ta kunne. Wadda aka yi don talaka buhunan hatsi da barguna aka ba ta.

Marsandin tana nan a gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan a Legas, da hudojin harsasai a jikinta. Hajiya Ajoke ta raini 'ya'yansu ita kaɗai. Babbar 'yarsu, Aisha Muhammed-Oyebode, lauya ce, ita ke jagorantar Gidauniyar Murtala Muhammed, wadda ta sa tunkarar bala'o'i da agajin gaggawa cikin manyan ayyukanta. Tana cikin waɗanda suka tsaya wa iyayen 'yan matan Chibok bayan sace su a watan Afrilu na 2014, ta kuma tattara hirarrakin da aka yi da iyayen a cikin littafi.